Na yi hayar akwatin kiɗan mawaƙan titi na Jamus na kwana biyu, ga yadda muka kwashe

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Jamus. Sati biyu kenan ina son in zauna in rubuta wannan abu amma aiki ya hana, yau dai na samu hutu nace bari in sauke nauyi. Wani ɗan shago ne nan yankin Frankfurt da ke bada hayar akwatin kiɗa irin na da wanda ake murzawa da hannu, Jamusawa na ce masa Drehorgel, mutanen Berlin kuma Leierkasten. Na karɓa ranar Juma'a da yamma na mayar Litinin da safe. Ba zan faɗi sunan shagon ba saboda akwai 'yan abubuwan da ban ji daɗinsu ba kuma zan faɗe su, bana son in ɓata wa dattijo sana'a, amma tun daga farko ku sani na gamsu, kuɗina bai tafi a banza ba.

Abin da ya kai ni, akwai wani tsoho Bajamushe maƙwabcinmu a hawa na ƙasa, mu dai Baba muke ce masa har yarana, shi ma ya saba yana amsawa. Hawan jinin ido ne ya cinye masa gani shekaru da dama da suka wuce, yanzu ko haske baya bambancewa. Mutumin nan wallahi lokacin da muka tare a gidan bamu san kowa ba shi da matarsa ne suka riƙe mu, ita take karanta mana wasiƙun hukuma masu wuyar Jamusanci shi kuma yana fassara mana abin da ake nufi da su, ranar da maiɗakina ta fara naƙudar autarmu cikin dare su suka kwana da manyan yaran. To zai cika shekara 80, muka rasa me za mu ba shi, mutum baya gani, baya shan komai, sutura yana da ita. Sai maiɗakin tace kai baka lura kullum in ya zauna hira sai ya kawo zancen makahon nan mai waƙa ba? Nan take na gane.

Makahon da take nufi sunansa Philipp Keim. An haife shi 1804 ya rasu 1884, mutumin Diedenbergen ne, wani ƙauye tsakanin Frankfurt da Wiesbaden wanda yanzu yake ƙarƙashin garin Hofheim. A zamaninsa yankin ba Jamus ɗin da muka sani ba ce, 'yar ƙaramar masarauta ce mai suna Nassau da fadarta a Wiesbaden, har sai 1866 da Prusiya, babbar masarautar Jamusawa ta lokacin, ta haɗiye ta, yana raye duk akayi wannan. Sana'arsa ita ce ya tsara baitoci da kansa, ya saɓi akwatin kiɗa, matarsa Lisbeth tana masa jagora, su bi ƙauyuka da kasuwanni da bukukuwan gari yana murzawa yana rerawa, sannan a sayar wa mutane waƙar a buge a takarda. Baba ɗan wannan yankin ne, yace tun yana yaro yake jin manya na ambaton Philipp da Lisbeth tare kamar suna ɗaya, ba a kiran ɗaya a bar ɗaya. Yau makarantar firamare ta ƙauyen sunansa take ɗauke da shi, ni da kaina na wuce ta gabanta na gani.

Irin waɗannan mawaƙa Bänkelsänger ake ce musu, daga sunan ɗan bencin da suke hawa don a hango su a cikin taro. Abin da suke rerawa labarai ne, gobara ta tashi a gari kaza, ruwa ya ci gari kaza, an kashe wane an kama wanda ya kashe shi an yanke masa hukunci, yaƙi, da makamantansu. Da yawansu suna rataye wani babban ƙyalle mai zane-zanen labarin gida-gida, ana nunawa da sanda ana waƙa. Wato a lokacin da babu rediyo kuma jarida ba kowane manomi take kaiwa ba, su ne masu kai labari, sai da jarida ta yi arha silima da rediyo suka shigo sannan sana'ar ta mutu wajen shekarun 1930.

To samun shagon ma aiki ne. Ba shi da wani shafin intanet na kirki, lambar waya ce kawai da hoto ɗaya, na kira sau huɗu cikin kwana biyu ba a ɗauka ba har na fidda rai, ashe sai bayan ƙarfe shida na yamma yake ɗaukar waya don da rana yana cikin gyara. Wannan shi ne laifinsa na farko kuma ba ƙarami bane, da na haƙura da shikenan ya rasa kwastoma mu kuma mun rasa abin da muka samu. Amma da ya ɗauka na masa bayanin ko don wa nake so, sai muryarsa ta canza, yace in zo gobe in kawo yaro ɗaya mai ƙarfi.

Shagon bayan gidansa ne, kamar gareji aka gyara, ƙamshin icce da gam da fata ne zai fara tarbarka. Dattijo ne shi ma zai haura 70, da gilashi a kan hanci da walkin aiki na fata. Abin da ya burge ni bai yi gaggawar karɓar kuɗi ba, kusan awa ɗaya muka yi yana buɗe mana cikin akwatunan ni da babban yarona. Kala uku ya nuna mana kuma a nan nake so ku nutsu don shi ne zai raba ku da zaɓen tumun dare.

Dukkansu tushen ɗaya ne. Akwai hannu a gefe da kake murzawa, daidai irin na injin taliyar Hausa. Murzawar nan ce take motsa zugazugi a ciki, zugazugi na fata sak irin na maƙera, shi yake tara iska, iskar kuma ta bi ta cikin sarewu na icce da aka jera manya da ƙanana. Babu batir babu wuta, ƙarfin damtsenka ne kawai. Bambancin yana wajen abin da ke gaya wa kowace sarewa yaushe zata buɗe.

Na farko shi ne na asali irin na zamanin Keim. Wani gungumen icce ne a kwance kamar guntun taɓarya mai kauri, an caccaka masa ƙananan ƙusoshi da 'yan wayoyi masu lanƙwasa ba iyaka, in yana juyawa kowace ƙusa ta ɗaga wani ɗan harshe, harshen ya buɗe wa iska hanya. Ƙusa gajeren sauti, waya mai tsawo dogon sauti. Gungume ɗaya yakan ɗauki kiɗa kamar takwas, in kana son canzawa sai ka ɗan gusa shi gefe kaɗan, akwai wani ƙarfe mai tsaga-tsaga a waje da ake maƙale shi. Mai shagon ya kama yatsana ya ɗora a kan tsagogin yace ƙirga, na ƙirga, yace to ka gani, wanda baya gani ma da yatsa zai san kiɗa na nawa yake kai. Jikina yayi sanyi a wurin. Sai dai wannan baya bada shi haya ko nawa zaka biya, yace ya haura shekara ɗari kuma in ƙusa ɗaya ta lanƙwashe aikin sati ne. Ban ga laifinsa ba.

Na biyu mai takarda ne, doguwar takarda a naɗe mai huji-huji, tana wucewa ta kan wasu 'yan ramuka, duk inda huji ya zo sarewa ta yi kuka. Na uku kuma na zamani, shi ma sarewa da zugazugin gaske ne amma kiɗan yana cikin ɗan kati irin memori, da maɓallai da ɗan allo, kiɗa ɗaruruwa. Yarona tuni idonsa ya tafi kan wannan, ni ma na so in karkata don yafi sauƙi, mai shagon ne da kansa ya hana duk da hayarsa tafi tsada, yace kace mutumin baya gani, me zai yi da allo? ka ɗauki mai takarda zai ji ta da hannunsa. A nan na san da mai amana nake ciniki. Shawarata kenan ga kowa, ku ɗauki mai takarda.

Kuɗi: Yuro 90 na ƙarshen mako, da Yuro 300 na jingina da za a mayar maka in ka dawo da kaya lafiya, naɗin takarda shida a ciki. Tsabar kuɗi kawai yake karɓa baya karɓar kati, kuma bai gaya min a waya ba sai da na koma cikin gari neman na'urar cirar kuɗi na dawo, laifi na biyu kenan. Rasit da hannu ya rubuta amma komai a fayyace. Da nace masa jinginar tayi yawa sai yace sabon irin wannan dubban Yuro ne, kuma haya ai ba yau aka fara ba, mafi yawan masu yawo da akwatin nan a da ba nasu bane, talakawa ne basu da kuɗin saye, haya suke ɗauka su biya mai shi daga abin da suka samo, kamar dai ɗan acaɓa da mai mashin. Ya ƙara min da cewa tun bayan yaƙin shekara bakwai na ƙasashen Turai da ya ƙare 1763 hukuma a Ostiriya ta fara ba sojojin da suka nakasa izinin yawo da shi su ci abinci, daga baya Prusiya ta bi sahu, shi yasa akwatin ya zama abin da aka san guragu da makafi da shi. Namu ɗin mai fitar da sauti 20 daban-daban ne, ƙirar zamani, amma ya nuna min tsofaffi na Waldkirch, wani gari a yankin dajin Schwarzwald kusa da Freiburg inda Ignaz Bruder ya kafa sana'ar a 1834 har yau kuma duk shekara uku suna bikin akwatunan, da wani na gidan Bacigalupo, 'yan asalin Italiya da suka yi suna a Berlin.

Yanzu zancen nauyi. Jama'a abin nan a hoto kamar kayan wasa, da fenti da furanni, amma kilo 15 ne ko fiye, kuma ba nauyin ne kawai ba, girman ne, baya rungumuwa. Ya haɗa mana da keken turawa mai ƙafa huɗu, to ƙafa ɗaya tana gocewa tana ƙara kamar tsohon baro, wannan ya kamata ace ya gyara kafin ya ba mutum. Akwai kuma maɗaurin fata na ratayawa a wuya da kafaɗa, babu ko ɗan gammo a jikinsa. Mu a hawa na uku muke ba lifta, kuma dole mu ɓoye shi a sama kar Baba ya ji, haka muka hau da shi ni da yaro muna haki muna rufe baki.

Murzawar ma sai an koya. Ni na ɗauka juyawa ce kawai, ashe in ka yi sauri kiɗan ya ruga kamar an koro shi, in ka yi sanyi iska ta ƙare sautin ya shaƙe ya koma kamar kukan akuya, kuma hannu yana da halin in yazo ƙasa ya faɗa da sauri in zai hau sama ya ja, dole ka daidaita da kanka. Mai shagon ya koya min na minti goma, yace kar ka kalli hannunka ka saurara. Bayan naɗi biyu damtse ya fara zafi. Shi yasa ranar Asabar da safe kafin taro na rataya shi da maɗaurin na zaga layinmu sau ɗaya don in ji irin wahalar da masu yawo da shi suka sha, ko mita 500 ban yi ba wuyana ya riƙe fatar ta ci min kafaɗa, a kan titi mai kwalta sumul kenan ina gani da idona biyu. Sai na tuno Keim, ƙauye zuwa ƙauye a ƙasa, hanyar taɓo da duwatsu, ga sanyin ƙasar nan da mu da muke da hita ma muke kuka da shi, ya isa ya tsaya ya murza kuma ya ɗaga murya sama da sarewun nan masu ƙara ba lasifika, baitin ma duk a ka yake. Makarantar makafi ta farko a Jamus sai 1806 Johann August Zeune ya buɗe ta a Berlin, rubutun makafi na Braille kuma sai 1879 aka amince da shi a ƙasar, saura shekara biyar Keim ya rasu. Wato dole wani ne zai rubuta masa kafin a kai maɗaba'a. A zamaninsa babu kuɗin tallafin makafi irin wanda jihohin Jamus ke biya duk wata yanzu, babu horarren karen jagora irin na yau, makarantar horar da su ta farko ma sai 1916 a Oldenburg. Abin da yake da shi murya, kai, da Lisbeth.

Ita Lisbeth ɗin ce ta tsaya wa maiɗakina a rai. Tace kowa na cewa mawaƙi mawaƙi, to wa ya san hanya, wa ke karɓar kuɗi ya ƙirga kar a cuce shi, wa ke riƙe takardun kar ruwa ya jiƙa su, wa ke nemo wurin kwana? Gaskiyarta ne, kuma mu a gidanmu muna ganin irinta kullum, matar Baba da ta haura 75 ita ce ke jera masa magani ta faɗa masa inda kofi yake a tebur.

An yi taron a tsakar gida da rana, 'ya'yansa da jikoki da maƙwabta, mu muka kawo shinkafa da kaza da cincin. Bayan an ci aka zaunar da shi, na turo keken a hankali amma ƙarar ƙafar nan ta tona mu, ya juyo da kai yace menene wannan. Ban ce komai ba na fara murzawa. Wallahi 'yan uwa sauti uku ko huɗu kawai suka fita ya miƙe tsaye ba sanda, ya miƙo hannu biyu gaba, matarsa ta riƙo gwiwar hannunsa ta kawo shi. Na tsaya. Ya fara shafa akwatin daga sama, ya bi gefe-gefe, ya sa yatsu a bakin sarewun ɗaya bayan ɗaya daga babba har ƙarama yana ƙirgawa a hankali, ya buɗe murfin ya taɓa takardar yana bin hujin da ɗan yatsa kamar mai karatu, sannan ya lalubo hannun yace min ɗana matsa. Nace Baba a hankali yana da nauyi. Ya murza, kuma abin da na kwana ina fama da shi shi bugu ɗaya ya daidaita, ba sauri ba sanyi, don shi da kunne yake tuƙi. Da aka zo wani tsohon kiɗa da suka sani sai ya kama waƙa, muryar tana rawa, tsofaffin wurin suka amsa, matarsa tana tsaye a gefensa hannunta a bayansa tana share hawaye. Ya ƙi sakin hannun nan har naɗi uku, ni ne mai canza takarda da mayar da ita baya, ita kuma tana karanta masa sunayen.

Abin ya kai ni gida. Duk wanda ya tashi a arewa ya san muryar makafi a tasha ko bakin kasuwa ko ƙofar gida da safe suna rera Imfiraji na Aliyu Namangi na Zariya, wanda shi ma makaho ne, ɗaya na bayarwa sauran na amsawa ɗan jagora na gaba riƙe da sanda. Muna yara bara kawai muke gani a ciki, bamu taɓa tsayawa mun yi tunanin irin haddar da ke kan mutanen nan da tafiyar da suka sha kafin su iso ƙofarmu ba. Na ba Baba labarin da daddare, yayi shiru can yace in samo masa a waya yaji, na samo, ya saurara har ƙarshe bai san kalma ɗaya ba.

Sauran ƙorafina kan shagon, cikin naɗi shida ɗaya a yage yake a gefe an liƙe da salatif, yana zuwa wurin sai ya maƙale kiɗan ya kwaɓe, a gaban mutane kuwa. Sunayen kiɗan da rubutun hannu irin na tsofaffin Jamusawa aka rubuta, ni kasa karantawa nayi, kuma tunda ya san makaho za a kai wa da ko alama ce ya manna da za a ji da yatsa, ɗigo ɗaya ɗigo biyu, da Baba ya zaɓa da kansa. Babu takardar baitocin ko ɗaya, ga wanda bai tashi a nan ba kiɗa kawai zai ji. Sannan bai ja min kunne kan doka ba, ranar Lahadi a ƙasar nan ranar shiru ce kuma akwatin yana da ƙara fiye da yadda kuke zato, haka in titi zaku fita da shi kowane gari da ƙa'idarsa, wani sai da izini wani kuma sai ka riƙa canza wuri bayan ɗan lokaci, maƙwabta ne suka gaya min, shi yasa Lahadin a ɗaki muka ɗan taɓa tagogi a rufe.

Litinin na mayar. Ya buɗe ya duba ya murza sau biyu, ya ƙirgo min 300 ɗina cif ba ja-in-ja. Na faɗa masa zancen takardar da ƙafar keken da alamar yatsa, bai musa ba, ya ciro naɗin ya ajiye gefe, yace maganar alamar bai taɓa tunaninta ba zai yi. Na nuna masa bidiyon Baba a waya, ya kalla har sau biyu, sannan yace in kawo shi shagon duk ranar da muka samu dama, zai bar shi ya murza tsohon mai gungumen nan da baya bari kowa ya taɓa, kyauta.

In tauraro ake bayarwa huɗu cikin biyar na ba shi. Wanda zai je ya kira bayan shida, ya tafi da tsabar kuɗi, ya tafi da mota mai faɗin but da mutum na biyu, ya sa a gwada masa kowane naɗi a gabansa kafin ya fito, in zai rataya kuma ya nemi tawul ya yi gammo. Mu dai mun sa ranar Asabar ta sama zamu kai Baba, matarsa tace tun jiya yake tambaya ko na cika mota da mai.